Bangaskiya a Tsakar Gida: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Bin Almasihu a Zangunan Kumasi

Tambayoyin nan ba zama na yi na ƙirƙiro su ba. Wasu a bakin ƙofar majami'a aka yi mini su bayan an tashi sujada, wasu a cikin trotro, motar haya, tsakanin unguwar Aboabo da kasuwar Kejetia, wasu kuma da dare a tsakar gida, lokacin da aka ɗauke wuta kowa ya fito da tabarmarsa. Masu tambayar galibi irina ne, Kiristocin da Hausa ta haɗa mu a Kumasi, ko da yake a gida wani Kusasi ne, wani Frafra, wani Busanga, wani kuma iyayensa daga Filato ko kudancin Kaduna suka zo.

A ƙidayar 2021, kimanin kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana Kiristoci ne, Musulmi kuwa kusan kashi 20. A lungunanmu na Aboabo da Asawase da Sawaba lissafin a juye yake. Gida mai ɗaki goma sha biyu, ƙila biyu ne namu. Famfo ɗaya muke sha, mita ɗaya, bayan gida ɗaya. Maƙwabtanmu ba sa jin wa'azin Lahadi, mu suke gani daga asuba har dare, shi ya sa yawancin amsoshin nan a tsakar gida suka tsaya.

Baba, ina zuwa sujada kowace Lahadi, ina fitar da zakka da baiko. Me kuma ya rage?

Kwana shida suka rage, ɗana. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 2, daga aya 42 zuwa ƙarshe. Abu huɗu aka ce masu bi na farko sun riƙe: koyarwar manzanni, zumunta, gutsuttsura gurasa, da addu'a. Kullum suke haɗuwa, gida gida, suna cin abinci tare, mai shi yana sayar da kayansa a raba wa marar shi. Ka lura, ba a yin zumunta da kai kaɗai, ba a kuma raba gurasa da bango.

Magabata sun gane wannan. A 1742 John Wesley ya rarraba mabiyansa a Ingila aji aji, kamar mutum goma sha biyu a kowane, shugaban ajin yana bin lafiyar ran kowa mako mako. Metodis sun sauka Cape Coast a 1835, Thomas Birch Freeman ya iso Kumasi a 1839, har yau kuma ana taron aji a majami'unsu. Katolika suna da ƙananan tarukan unguwa, 'yan Fentikos suna da tarukan gida. Dalilin duka ɗaya ne. A cikin taron mutum dubu a Adum ko Bantama ba wanda zai san ka kwana biyu ba ka ɗora tukunya ba. A cikin mutum takwas za a sani.

Ɗaki ɗaya da baranda muke da shi. Yaya za mu yi taron gida?

Ɗaki ɗaya ya ishi mutum shida idan aka jingine katifa da bango, Yesu ma biyu ko uku ya ambata a Matiyu 18:20. Ku zaɓi rana ɗaya a mako ku riƙe ta, ko ana ruwa ko ana iska. Awa ɗaya ta isa. A yi waƙa, a karanta sura, kowa ya faɗi abin da ya ji a ciki, sannan a zagaya a tambayi kowa abin da ke damunsa a makon. Kada wa'azin mutum ɗaya ya cinye lokacin wannan tambayar, don ita ta tara ku. Abin da aka faɗa a ɗakin kuma a ɗakin zai kwana. Ranar da sirrin wata ya fita bakin famfo, taron ya mutu.

Kafin ku fara, ku je ku gaida mai gida ku shaida masa. Ku kauce wa magariba da lisha, sa'ad da mutanen gida ke alwala suna shimfiɗa darduma a baranda. Kada kuma abin ya koma gasar girki. Na ga taron da ya watse saboda wata ta yi shinkafa da kaza a makonta, ta gaba ba ta da hali, kunya ta hana ta buɗe ƙofarta. Ruwan sha ya wadatar. Idan ana son cin abinci tare, a yi sau ɗaya a wata, kowa ya kawo abin da ya samu a juye a faranti ɗaya, yadda ba za a san na wane ne wannan ba.

To, waƙa da addu'a da ƙarfi fa? Ai su ma da lasifika suke kiran salla.

Haka ne, kuma kiran asuba shi ke tashe ni karatun Zabura shekara da shekaru. Amma kiran salla minti kaɗan ne. Kwanan addu'a da ganguna daga goman dare zuwa huɗun asuba, a lungun da ke da jarirai da marasa lafiya da direban da zai kama hanyar Tamale da sassafe, wannan cutarwa ce. Karin Magana 27:14 ta ce wanda ya sa wa maƙwabcinsa albarka da babbar murya tun da sassafe, kamar la'ana za a ɗauke ta. Mai son ya ɗaga murya har ya ƙoshi, ga majami'a, ga dutsen Atwea can wajen Nsuta inda mutane ke hawa su kwana suna addu'a. Daren 31 ga Disamba kowa ya san namu ne. Sauran dararen a bar mutane su yi barci.

Wani ya ce mini bai kamata Kirista ya ce Allah ba, ko ya amsa sallama. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Yaran da suka tashi a majami'un da ake cewa Onyame ko ake Turanci su suka fi shiga wannan ruɗani. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Allah ne a cikinsa daga ayar farko ta Farawa, Kiristocin Masar da Labanan ma da wannan suna suke addu'a. Mun bambanta da maƙwabtanmu Musulmi a kan wane ne Yesu, a kan gicciye da tashi daga matattu, bambanci ne babba, ba ma ɓoye shi. Kalmar kuwa ta harshenmu ce.

Sallama kuma, a Luka 10:5 Yesu ya umarci almajiransa su fara yi wa gida fatan salama duk inda suka shiga, da ya tashi daga matattu ma da salama ya gaishe su. Idan Alhaji ya yi maka sallama, amsa masa da fara'a, ka tambayi iyali. Ko "in Allah ya yarda" da muke faɗa kullum, Yakubu 4:15 ce ta koya mana.

Hajiya ta aiko mana da naman Sallah. Mu ci?

Kowace shekara idan Babbar Sallah ta gabato sai wannan tambaya ta dawo, saboda haka bari in daɗe a kanta.

Ni ina karɓa, ina ci, ina ba yaron da ya kawo tukwici. A 1 Korintiyawa sura 10 Bulus ya ce idan wanda ba mai bi ba ya gayyace ka cin abinci, ka ci abin da aka sa a gabanka ba tare da bincike ba. Korinti gari ne cike da gumaka, duk da haka ya faɗi wannan. Hajiya kuwa ba wa gunki ta yanka ba. Biyayyar Ibrahim take tunawa, addininta kuma ya koya mata ta raba naman ga maƙwabta. Da ta aiko kwanon, cewa take yi kuna cikin mutanenta.

Na san akwai 'yan'uwa da suka tsaya a aya ta 28 ta wannan surar, inda aka ce idan an gaya maka hadaya ce kada ka ci. Suna cewa hadayarmu ɗaya ce, Almasihu, an kuma gama ta. Ban raina wannan tunani ba, ba kuma zan matsa wa kowa ya ci abin da zuciyarsa ta ƙi ba. Romawa 14 ta raba gardamar: mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. Abin da nake roƙo ɗaya ne. Idan ba za ki ci ba, 'yar'uwa, kada ki mayar da kwanon da namansa, kada kuma ki zubar. Karɓi da hannu biyu, ki yi godiya, ki kai wa wanda ya daɗe bai ga nama ba. Wulaƙancin mayar da kyauta ya fi shekara goma a zuciyar mutum.

Idan Kirsimeti ta zo kuma, ramawa ake yi. A gidanmu kazar Kirsimeti ko akuya maƙwabci Musulmi muke kai wa ya yanka, don kowa a gidan ya ci hankali kwance. Ba abin da hakan ya rage mini, ya kuma ƙara mini baki goma a kan faranti. Ku tuna ranar Ista ta 2019, da Babban Limamin Gana, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana gab da cika shekara ɗari, ya shiga majami'ar Katolika ta Christ the King a Accra ya zauna cikin jama'a. Bai bar addininsa ba, ba wanda kuma ya nemi ya bari. Idan dattijo irin wannan ya tako har ƙofarmu, mu ma tsallaka tsakar gida da kwano ba zai gagare mu ba.

Naman alade da pito, giyar dawa, fa? A garinmu ba a ɗauke su laifi ba.

Markus 7:19 ta nuna abinci ba ya ƙazantar da mutum, maye kuwa Afisawa 5:18 ta hana. Amma a gidan da ake girki a murhu kusa da murhu, ana aron wuƙa da ludayi, ƙauna ta fi 'yanci nauyi. Kada a dafa shi a tsakar gida, kada a wanke tukunyarsa a bakin famfon kowa, kada ko da wasa a ba wani ba da saninsa ba. Mai marmari ya je inda ake sayarwa ya ci a can.

Me ya haɗa kuɗin wuta da wankin bayan gida da bangaskiya?

A gidan haya kusan nan ne ake auna ta. Kun san yadda ake rabon kuɗin mita: a ƙirga kwan fitila, fanka, firji, dutsen guga, kowa ya biya gwargwadon abin da ya jona. Kun kuma san yadda ake ɓoye abu a ƙarƙashin gado ranar ƙirga. Ni kaina na taɓa yi. Wata da watanni ina dafa ruwa da butar lantarki ban faɗa ba, wata tsohuwa mai kwan fitila ɗaya tana biyan wani kaso na abin da nake sha. Wata Lahadi ana shirin Jibin Ubangiji aka karanta Matiyu 5:23 da 24, inda aka ce ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Ban iya miƙa hannu ba. Da yamma na tara mutanen gida na faɗa, na biya abin da muka lissafa. Ya yi mini nauyi ƙwarai, amma tun daga ranar, idan rigima ta tashi a gidan ana yarda in sa baki.

Haka sharar tsakar gida, da kwashe kwata kafin damina, da wankin bayan gida ranar da layi ya zo kanka. A yawancin gidaje mata aka bar wa waɗannan. Namijin da ya karanta yadda Ubangijinsa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajirai a Yahaya 13 bai kamata tsintsiya ta yi masa nauyi ba. Idan makon tsohuwa ne ko mai tsohon ciki, a karɓe mata ba tare da an yi shela ba.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, dole wata rana a yi faɗa a kan bokiti ko a kan yara. Afisawa 4:26 ta ba da wa'adi: kada rana ta faɗi kana cikin fushi. Matiyu 18:15 kuma ta ba da hanya: ka same shi tsakaninku biyu, kafin lungu ya ji.

Muna so mu kafa adashi ko asusun taimako a tsakaninmu. Mene ne shawara?

Ku kafa, amma ku raba su biyu. Adashi, wanda nan ake ce wa susu, kuɗinka ne ke dawo maka. Asusun taimako kuwa na ranar wuya ne, mai zubawa bai san ko shi zai ci ba. Tun kafin a tara sidi ɗaya a rubuta abin da asusun zai ɗauka: asibiti, haihuwa, rasuwa, gobara. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa 'yan kasuwa a Adum a watan Maris na 2025 ya san jarin shekara ashirin yana iya zama toka kafin azahar. A sa ciki har da sabunta katin inshorar lafiya na tsofaffinmu, don kuɗi kaɗan ne da ke tare babbar asara.

Kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da littafi, ko fasto ne, ko matarsa. Bulus da kansa, a 2 Korintiyawa 8, bai yarda ya kai gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi mai raka shi, don kada a sami abin zargi. A karanta lissafi a gaban kowa duk ƙarshen wata. Idan ta MoMo, asusun kuɗi na waya, ake turawa, a ware lamba ta asusun, ban da wadda ma'aji ke cefane da ita. Na ga mutumin kirki da aka bari shi kaɗai da kuɗi, matsala ta same shi, ya ce aro ne zai mayar, har abin ya fi ƙarfinsa. Mun rasa kuɗin, mun kuma rasa shi, laifin kuwa har da namu.

Ba ni da abin bayarwa ranar godiyar kaka, kunya nake ji in zo.

Ki zo, 'yata. Baikon da Asantawa ke kira Kofi ne Ama, inda ake kiran mutane bisa ranar haihuwarsu su fito da rawa, ina son sa, mu ma da muke da sunaye irin su Ladi da Talatu da Balarabe da Jummai da Asabe bai zama mana baƙo ba, kuma mai ƙwandala yana rawa kusa da mai takarda ba wanda ya sani. Abin da ba na so shi ne a fara kira daga kuɗi mai yawa ana faɗin suna a lasifika, talaka yana sunkuyar da kai har a sauko inda yake. Yesu gwauruwa mai anini biyu ya yaba a Markus 12. Dattawan ikilisiya su gyara wannan, ke kuma kujerarki tana nan.

A kasuwa kowa yana ɗan yin dabara. Idan ban yi ba, yaya zan ci riba?

Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Olonka, gwangwanin awo, da aka buga wa gindi ya shige ciki, tumatir mai kyau a sama ruɓaɓɓe a ƙasa, tsohon ƙarfe da aka wanke aka ce sabo ne a Suame Magazine, unguwar makanikai, duk abu ɗaya ne. Ba zan ce maka gaskiya za ta sa ka yi arziki a wata uku ba, wani lokaci ma asara za ka yi. Ciniki ba laifi ba ne, ka faɗi kuɗinka, a taya, ku daidaita. Ƙarya a kan kayan ita ce laifi. Mai gareji kuma ya tuna da yaransa masu koyon aiki: kuɗin abincinsu hakki ne, Yakubu 5:4 ta ce ladan da aka danne yana kuka har ya kai kunnen Ubangiji.

Yaran nan mata masu dako a Kejetia, mene ne namu a ciki? Yawancinsu ba 'yan cocinmu ba ne.

Basamariyen da ke Luka 10 bai tambayi addinin wanda ya tsinta a hanya ba. Kayayo, wato yaran nan masu dako, daga arewa suke zuwa, inda da yawanmu muka fito, wasu ba su kai shekara goma sha biyar ba, wasu da goyo, suna kwana a bakin shaguna ko su cunkushe a ɗaki ɗaya. Mu 'yan zango mun san baƙunci. Iyayenmu sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa, suka ga maƙwabtan shekara da shekaru suna sayar da kaya a wulaƙance. A 1983 kuma Najeriya ta koro 'yan Gana. Wanda aka taɓa nuna wa ƙofa bai kamata ya rufe tasa ba.

A fara da abin da ke hannu. Ku daidaita kuɗi kafin yarinyar ta ɗauka, kada a ɗora mata kayan mutum biyu a biya na ɗaya, a tambayi sunanta da garinsu. Zumuntar mata za ta iya ɗaukar ɗaki guda na yaran nan ta riƙa leƙa su: sabulu, gidan sauro, raka mai ciki awo, neman wa mai so wurin koyon ɗinki ko kitso. Amma kada tuwo ya zama ƙugiya. Idan sai ta zo coci za a ba ta, ciniki aka yi, kuma ta gane. Idan ta tambayi dalilin alherin, a gaya mata gaskiya, saboda Yesu ne.

A majami'armu kowace ƙabila gefenta take zama. Idan rikici ya tashi a gida, har gaisuwa takan yi wuya.

Wannan ciwo ne da na sani. Idan aka ji harbi a Bawku, garin arewa mai fama da rikicin ƙabilanci, a Kumasi ma zuciya takan tsinke, kowa yana da wanda aka taɓa. Ikilisiyar farko ma ta sha irinsa. A Ayyukan Manzanni 6, masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi shiru ba. Aka zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, wato aka damƙa ludayin a hannun waɗanda suka yi kukan.

Ku yi haka. A tsara tarukan gida bisa unguwa, ban da ƙabila. Ma'aji da magatakarda kada su fito gari ɗaya. A yi waƙa da harshen kowa, Hausa ta ɗinke tsakani. Hotunan gawa da muryoyin zuga da ake turowa ta WhatsApp, idan sun iso wayarka su mutu a nan. Sulhu yana cin lokaci: rikicin sarautar Dagbon ya ɗauki tun daga 2002 har Janairun 2019 kafin a naɗa sabon Ya-Na, wato sarkin Dagbon, bayan doguwar wahalar kwamitin sarakuna da Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya jagoranta. Mu abin da ke hannunmu shi ne Lahadi mai zuwa, ka tashi daga gefenku ka zauna kusa da wanda ka daina gaisarwa, ku sha ƙoƙo ɗaya.

Iyayena Musulmi ne, ni kaɗai ne mai bi a gidanmu. Yaya zan yi da suna da biki da azumi?

Dokar girmama uwa da uba ba ta zo da sharaɗin addini ba. Je suna, je ɗaurin aure, je jana'iza, ka ba da gudummawarka kafin a tambaya. Idan azumi ya kama, kai wa Inna sukari da gero da dabino, kada kuma ka ci abinci a gabanta da rana. Abin da ba za ka yi ba shi ne shiga sahu kana nuna abin da ba ya zuciyarka, wannan yaudara ce gare su da kai. Idan an tambaye ka, 1 Bitrus 3:15 ta ce ka ba da amsa da tawali'u da ladabi. Zagin abin da iyayenka ke girmamawa ba shaida ba ce.

Ga sauran ikilisiya kuma: wanda danginsa suka juya wa baya saboda Almasihu, ba tafi yake buƙata ba. Wurin kwana yake buƙata, da sana'a, da gidan da zai shiga ranar Sallah lokacin da kewar gida ta taso masa.

Mu ma muna da azumi?

Muna da shi. Katolika da Angalika da wasu suna kwana arba'in kafin Ista, daga Larabar Toka, majami'u da yawa kuma suna buɗe shekara da azumi a Janairu. A 2025 Larabar Toka ta faɗo 5 ga Maris, kwana kaɗan bayan kamawar Ramadan, gidan gaba ɗaya ya zama na masu azumi. Matiyu 6 ta ce ka wanke fuska kada a gane. Ishaya 58 ta ce azumin da Allah ke so shi ne ka raba abincinka da mayunwaci, don haka kuɗin waakye, shinkafa da wake, da ba ka ci da rana ba, na wani ne.

Idan namu ya rasu, mu bi al'adar Asante ko ta zango?

A nan muna tsakanin hanya biyu. Asantawa suna zaman mako ɗaya, gawa takan yi makonni ko watanni a ɗakin ajiya ana biyan kuɗi, sannan a yi babban taro ranar Asabar da rumfuna da baƙaƙe da jajayen zannuwa, ana shelar gudummawa. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa kafin rana ta faɗi sun kai nasu maƙabartar Tafo sun dawo. Mu kuma sau da yawa akwai kiran gida, a kai gawa Bolga ko Bawku.

Littafi bai yanka kwanaki ba, ba kuma zan raina al'adar masu masaukinmu ba, akwai girmama mamaci da haɗa dangi a cikinta. Amma na ga gwauruwa da aka bari da bashin akwati da rumfa da sabon zane, yaranta suka bar makaranta a shekarar. Na ga wanda ba a saya masa magani ba yana kwance, aka yanka masa saniya yana cikin akwati. A wannan, ina ganin mu koya daga zango: a gaggauta, a sauƙaƙa. Abin da aka tara, a ware rabon gwauruwa da marayu tun kafin a biya mai kiɗa. Yakubu 1:27 ta ce addini mai tsarki shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, wahalar kuwa bayan an naɗe rumfa take farawa. A sa mutum biyu su riƙa zuwa gidan har shekara ta zagayo.

Idan maƙwabci Musulmi ya rasu kuma, kada ka jira gayyata. Fito da bencinka, ɗebo ruwa, raka su maƙabarta, ka zauna zaman makoki.

Yaya za mu koya wa yara, alhali mu ma ba mu yi karatu mai zurfi ba?

Dubi abokan wasansu Musulmi. Bayan boko suna tafiya makarantar Islamiyya, Asabar da Lahadi ma haka. Namu kuwa awa ɗaya a mako muke ba su, muna mamakin yadda ba su san komai ba. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya musu a zaune a gida, a kan hanya, da kwanciya, da tashi. Addu'a kafin a sa hannu a tuwo, Addu'ar Ubangiji kafin barci, Zabura 23 aya ɗaya a mako har ta zauna. Idan ba ki iya karatu ba, Mama, yaron ya karanta miki, ke ki fassara masa da abin da kika gani a rayuwa. Ku riƙa aikensu da kwanon abinci gidan marar lafiya, su saba da hanyar.

Wani ɗan'uwa ya daina zuwa. Na tura masa saƙo bai amsa ba.

Zumunci a ƙafa yake. Ku je ku biyu, da yamma, da ɗan burodi ko lemo a hannu, kada ku fara da tambayar me ya hana shi zuwa. Sau da yawa za ku tarar bashi ne yake jin kunyarsa, ko aiki ya tsaya, ko wata magana da aka faɗa masa a bakin majami'a. Ku saurara har ya gama. Idan mu muka yi laifin, a ba shi haƙuri a wurin, ba sai an kai gaban kwamiti ba.

Idan kuwa ciwo ne har an kwantar da shi a asibitin Komfo Anokye, to aiki ya samu. A rubuta sunaye a takarda a daren: wa zai kai koko da safe, wa zai kai tuwo da yamma, wa zai kwana, wa zai riƙe yaran, su wa za su iya ba da jini idan likita ya nema. A manna takardar a bayan ƙofar ɗakin da ake taro, wanda ranarsa ta zo kuma ba zai samu zuwa ba, ya nemo mai canjinsa tun da dare.